Jajayen Butocin Gahawa na Jamus: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne ga tsofaffin butocin gahawa da aka yi a ƙasar Jamus a farkon ƙarni na 18, waɗanda a yau ake adana su a gidajen tarihi a matsayin kayan ado. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Malam, na ziyarci gidan adana tangaran da ke fadar Zwinger a birnin Dresden, inda na ga wata 'yar buta ja mai duhu tana sheƙi a cikin akwatin gilashi. Na ɗauka dutse ne aka sassaƙa, ko kuwa tagulla ce ta tsufa, sai na karanta a takardar da ke gefenta cewa da yumɓu aka yi ta wajen shekarar 1710. Yaya yumɓu zai zama haka, kuma me ya ba butar gahawa daraja har ake tsaron ta kamar zinariya? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, kuskuren da idonki ya yi shi ne ainihin abin da masu yin butar suka nufa, domin sun yi ta ne don mai kallo ya ɗauka dutse ne mai daraja. Abin da kika gani shi ne jan tangaran na Böttger, wanda Jamusawa suke kira Böttgersteinzeug, kuma a zamaninsa an tallata shi da sunan jasfa, wato wani jan dutse mai tauri da ake yin kayan ado da shi. Yumɓu ne mai yawan sinadarin ƙarfe, wanda aka tace har ya yi laushi ƙwarai, sannan aka gasa shi da wuta mai tsananin da ya sa ƙwayoyinsa suka haɗe da juna suka zama abu guda. Idan ya fito daga tanderu ba ya tsotsar ruwa ko da ba a shafa masa komai ba, kuma taurinsa ya kai a ɗora shi a kan faifan washi a yanka shi, a goge shi, kamar yadda ake yi wa gilashi da duwatsun zobe. Sheƙin da ya ɗauki hankalinki daga wannan gugar ya fito, jikin yumɓun ne da kansa yake ƙyalli.

Mutumin da tangaran ɗin ya ci sunansa, Johann Friedrich Böttger, an haife shi a garin Schleiz a 1682, kuma ginin tukwane ba ya cikin abin da ya tashi da shi. Haɗa magunguna ya koya a Berlin, har jita-jita ta bazu cewa yaron ya san asirin mayar da ƙarfe marar daraja zinariya. Da maganar ta kai kunnen Friedrich na Ɗaya, sarkin Firusiya, masarautar da Berlin take babban birninta a lokacin, sai Böttger ya ga babu zama, ya tsere a 1701 zuwa Wittenberg, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Saksoni. An gudu ba a tsira ba, domin mai mulkin Saksoni, Augustus Mai Ƙarfi, wanda kuma shi ne sarkin Polan, ya fi kowa bukatar zinariya saboda yaƙi da yawan kashe kuɗi. Ya sa aka kawo shi Dresden aka tsare, aka ba shi kayan aiki, aka ce ya cika alkawari. Shekaru suka yi ta wucewa, zinariya ba ta samu ba.

Abin da ya ceci wuyansa shi ne haɗa shi da aka yi da Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, masanin lissafi wanda ya daɗe yana narkar da ire-iren ƙasa da duwatsu ta hanyar tara hasken rana da manyan madubai, yana neman asirin farin tangaran na ƙasar Sin. Tare da wasu ƙwararrun ma'aikatan haƙar ma'adinai da narkar da ƙarfe daga garin Freiberg, sun fara dacewa da jan tangaran wajen 1707, sannan suka sami fari a farkon 1708. Tschirnhaus ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara, kuma har yau masana tarihi ba su daina jayayya a kan wanda ya fi cancantar yabo tsakaninsa da Böttger ba. Ranar 23 ga Janairun 1710 Augustus ya fitar da sanarwar kafa masana'anta cikin harsuna huɗu, a watan Yuni kuma aka kai aikin fadar Albrechtsburg da ke Meissen, wadda take bisa tsauni a gaɓar kogin Elbe, wurin da ke da sauƙin tsaro ga mai son ɓoye asiri. A shekarun farko farin tangaran bai gama nuna ba, don haka jan ne kayan da masana'antar ta fara fitarwa kasuwa, aka kai shi baje kolin Leipzig a 1710.

Idan kin sake samun dama, ki tsaya ki ƙare wa ɗaya daga cikin butocin kallo, musamman irin mai kusurwa huɗu, wadda ta fi shahara. Tsayinta bai fi taƙi guda ba. Cikinta ya buɗe daga ƙasa, ya tsuke yayin da yake hawa zuwa wuya, kusurwoyinta kuma suna da kaifi kamar an lanƙwasa faranti ne na azurfa. Bakin da ake tsiyaya ta cikinsa yana fitowa ne daga bakin wata dabbar ruwa mai kama da kifi, wani ɗan lanƙwasasshen madogari na yumɓu ya riƙe shi da wuyan butar don kada ya karye, mariƙin kuma ya naɗe kamar reshen kurangar inabi. Maginin tukwane da ke juya yumɓu a kan faifai ba zai taɓa fitar da irin wannan siffa ba, sai dai a danna yumɓun a cikin mazubi, a haɗa ɓangarorin da hannu. Dalili kuwa shi ne, wanda aka ɗora wa tsara siffofin kayan Meissen a wancan lokaci maƙerin azurfa ne na fadar Dresden, Johann Jacob Irminger, kuma da tunanin maƙeri ya tunkari yumɓun. Bayan gashi sai a miƙa butar ga masu yankan gilashi, waɗansunsu daga Bohemiya, su goge ta, ko su yanka mata fuskoki ƙanana masu mayar da haske, ko su zana tambarin wani basarake. Wani lokaci sukan goge bango su bar furannin da aka manna a kai ba gogewa, sai dusasshe ya kwanta a kan mai sheƙi, kuma a ganina nan ne hikimar aikin ta fi bayyana.

Kin ga ke nan buta guda ta ratsa hannun mai haɗa ƙasa, da maƙeri, da magini, da mai tsaron wuta, da mai yankan gilashi. Darajarta ta taru ne daga wannan, da kuma kasancewar an yi ta a 'yan shekaru kaɗan, a farkon masana'antar da ta fara yin tangaran na ainihi a nahiyar Turai.

Tambaya: Malam, a wurina duk abin da aka gasa daga yumɓu tukunya ce. Mene ne bambancin wannan jan tangaran da tukunyar ƙasa da kuma farin faɗi-ka-mutu? Sannan ina ganin hotunan tulunan Jamus masu ruwan toka da zanen shuɗi, shin dangi ɗaya ne da shi? (Daga wani ɗalibin fasahar zane)

Amsa: Malam, bambancin yana cikin irin ƙasar da kuma zafin wutar. Tukunyar ƙasa wutarta ba ta da tsanani, shi ya sa jikinta yake da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsatsafowa ta cikinsu, kuma wuƙa tana iya kartar ta. Nau'in da Jamusawa suke kira Steinzeug, wato kayan dutse, ana gasa shi ne a zafin da ya kai digiri 1200 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, inda yumɓun yake toshewa gaba ɗaya, idan ka ƙwanƙwasa shi ka ji ƙara mai tsawo. Farin tangaran kuwa yana bukatar wata farar ƙasa ta musamman mai suna kawolin, wadda Meissen ta riƙa samowa daga yankin Aue, da wutar da ta fi waccan zafi, kuma idan ya yi siriri haske yana ratsa shi. Jan tangaran na Böttger yana aji na biyu, sai dai ya fi sauran 'yan ajinsa laushin ƙwaya nesa ba kusa ba.

Tulunan da ka gani dangi ne, amma na nesa, kuma sun girme shi da ɗaruruwan shekaru. Tun wajen 1300 maginan garin Siegburg da ke yankin kogin Rhine suka iya gasa yumɓu har ya toshe, daga baya sana'ar ta bunƙasa a Kolon da Frechen da Raeren. A ƙarshen ƙarni na 16 waɗansu magina daga Siegburg da Raeren suka ƙaura zuwa yankin Westerwald, wanda har yau ake yi wa wani sashensa laƙabi da Kannenbäckerland, ma'ana ƙasar masu gasa tuluna. Sheƙin kayansu daga gishiri yake. Idan wuta ta kai maƙura sai a watsa gishiri a cikin tanderu, ya zama tururi, ya haɗu da yashin da ke jikin yumɓun, ya bar wani siririn rufi na gilashi mai gurɓi-gurɓi kamar ɓawon lemo. Shuɗin kuma daga sinadarin kobalt yake, ɗaya daga cikin 'yan launukan da suke jure wannan wuta.

Da gahawa da shayi suka shiga gidajen talakawan birni a ƙarni na 18, maginan Westerwald su ma sun yi butocinsu, suna ƙawata su da layukan da aka karta da tsinke da wani zane mai zigizag da ake yi ta hanyar girgiza ɗan katako a kan ɗanyen yumɓu. Suna da nasu kyau, kyau irin na kayan aiki da aka yi da natsuwa, kuma ba na raina su. Amma masu saye daban ne. Butar Westerwald ta teburin mai shago ce da manomi mai abin hannu, ta Meissen kuwa an yi ta ne don ɗakin basarake.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shin an taɓa shan gahawa da waɗannan butoci kuwa, ko dai tun asali kayan kallo ne? Kuma me ya sa butar gahawa take da tsawo alhali ta shayi gajera ce? (Daga wani mai sha'awar tarihin abinci)

Amsa: Malam, an sha da waɗansu, waɗansu kuma tun da aka yi su ba su san ɗumin gahawa ba. Ka tuna cewa a 1710 gahawa baƙuwa ce a Jamus. Gidan shan gahawa na farko a ƙasar an buɗe shi ne a Bremen a 1673, na Hamburg ya biyo baya a 1677, kuma a lokacin galibin gahawar da Turai take sha daga Yaman take fitowa ta tashar jiragen ruwa ta Mokha. Abu ne mai tsada, kuma mai shan sa yana so a gan shi yana sha. Turawa a lokacin suna kallon gahawa a matsayin abin shan Turkawa, shi ya sa a saman ƙofar tsohon gidan gahawan nan na Leipzig mai suna Zum Arabischen Coffe Baum aka sassaƙa Baturke yana miƙa wa wani yaro finjali. A cikin siffofin farko na Meissen ma akwai wadda ake kira butar Turkawa, wadda aka ɗauko fasalinta daga butocin ƙarfe na ƙasashen Daular Usmaniyya.

Tsawon butar kuwa yana da dalili na aiki. A wancan zamani ana tafasa garin gahawa ne a cikin ruwa ba tare da tacewa ba, sannan a juye a butar da za a kai gaban baƙi. Doguwar buta mai faɗin gindi tana ba garin wuri ya kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya sama, idan an karkata ta a hankali sai a tsiyaye mai kyau a bar diddigar. Ganyen shayi kuwa yana son fili don ya buɗe, saboda haka butarsa ta zama gajera mai tumbi. Butar cakuleti ita ma tana da tata alama, wato 'yar ƙofa a murfi inda ake zura maburgi a kaɗa abin da ke ciki don kada ya daskare a ƙasa. Wani abin sha'awa shi ne, a wannan birni na Dresden ne wata mata mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro tace gahawa da takarda a 1908, kusan shekara 200 bayan butocin da muke magana a kansu.

Game da kallo kuwa, sai an fahimci halin Augustus. Mutum ne da son tangaran ya yi wa katutu, har a 1717 ya ba sarkin Firusiya sojojin doki 600 a madadin tangaran 151 na ƙasar Sin. A wannan shekara ya mallaki wata fada a Dresden, wadda daga baya aka san ta da Fadar Japan, ya cika ta da tangaran, a 1721 kuma aka fara rubuta lissafin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Butar da ta shiga irin wannan ɗaki an jera ta ne a kan kanta tare da ɗaruruwan 'yan uwanta don baƙin sarki su gani su san abin da ƙasarsa take iya yi. Waɗansu kuma an aika da su kyauta ga sarakunan wasu ƙasashe. Waɗanda suka shiga hannun attajirai ne aka fi yin amfani da su, kuma sau da yawa a kansu ne za ka ga an ƙara maɗaurin azurfa a murfi ko 'yar sarƙa don kada murfin ya suɓuce yayin tsiyaya.

Tambaya: Malam, na karanta cewa Jamusawa kwaikwayon butocin ƙasar Sin kawai suka yi. Idan haka ne, ina fasahar take? Ai mai kwaikwayo ba ya kai mai asali. (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, rabin maganarki gaskiya ce, kuma ba ƙaramin rabi ba. A garin Yixing da ke lardin Jiangsu na ƙasar Sin an daɗe ana yin butocin shayi da jan yumɓu marar rufi, kuma 'yan kasuwar Holan sun riƙa kawo su Turai tare da shayi a ƙarni na 17. Kafin Böttger ma an yi ƙoƙarin kwaikwayon su, kamar yadda Ary de Milde ya yi a Delft da kuma 'yan uwan nan biyu masu suna Elers a Ingila. A Meissen kwaikwayon ya wuce na ido, domin an riƙa ɗaukar kayan Sin daga taskar sarki a kwafi siffarsu da mazubi kai tsaye. Masana suna gane irin waɗannan da cewa kwafin yakan fi na asalin ƙanƙanta, saboda yumɓu yana tsukewa idan ya bushe ya kuma sha wuta. Rassan fure da kike gani a jikin butoci da yawa daga can aka aro su, waɗansu ma har da tambari mai kama da rubutun Sin a gindi, wanda ba ya nufin komai.

Amma tambayarki ta faɗo daidai kan abin da ya sa nake fifita butar gahawa a kan ta shayi a cikin kayan Böttger. Mutanen Sin shayi suke sha, don haka Yixing ba ta da butar gahawa da za a kwafa. Da aka zo nan dole Irminger da abokan aikinsa suka nemi mafita da kansu, suka ɗauki tsayi da kaifin kusurwa daga aikin azurfa na Turai, suka ɗauki wani fasali daga Turkawa, suka manna furen Sin a kai, sannan suka miƙa wa mai yankan gilashi, abin da ba a yi wa butocin Yixing da suka iso Turai a lokacin ba. Abin da ya fito daga wannan haɗi ba a taɓa ganin irinsa a Sin ko a Istanbul ba.

Akwai kuma wani reshe da ya kamata ki sani, wato waɗanda aka rufe da baƙin gilashi mai sheƙi don su yi kama da akwatuna da farantan katako na Sin da Japan da ake shafe wa da ƙaron wani itace. A kan baƙin ake zana tsuntsaye da furanni da mutane da ruwan zinariya da jan fenti, kuma ana danganta mafi kyawunsu da Martin Schnell, mai wannan sana'a a fadar Dresden. Zanen ba a gasa shi, a sanyi ake ɗora shi, shi ya sa a yau za ki tarar ya goge a mariƙi da kusurwoyi, duk inda yatsu suka saba taɓawa. Masu tara kayan tarihi suna rububin su, amma ni dai ra'ayina shi ne baƙin rufin yana ɓoye abin da ya fi komai daraja a butar, wato jan jikin nan da ba ya bukatar sutura.

Tambaya: Idan jan tangaran yana da wannan kyau, me ya sa aka daina yin sa da wuri? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, ƙanensa ne ya danne shi. Tun da aka koma neman tangaran, farin ne Augustus yake nema, jan kuwa tsintuwa ce a kan hanya. Da aka fara sayar da farin a baje kolin Leipzig a 1713, sai hankalin masu saye ya koma kansa, domin shi ne abin da Turai ta yi shekaru aru-aru tana saye daga Sin da tsada. Ga shi kuma gugar jan tana cin lokaci da kuɗin ƙwararru, har ta kan sa farashinsa ya yi nisa. Asirinsa ma bai daɗe a ɓoye ba, don a 1713 ɗin aka kafa wata masana'anta a Plaue, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Firusiya, da taimakon wani da ya san aikin daga Saksoni, tana yin jajayen kaya masu kama da na Meissen. Böttger ya sami 'yancinsa a 1714, ya rasu a 1719 yana da shekara 37, jikinsa ya riga ya lalace. A 1720 Johann Gregorius Höroldt ya zo Meissen daga birnin Biyana (Vienna), ya kawo launuka masu haske da ake gasawa a kan farin tangaran, kuma daga nan fari ya zama tamkar takardar zane. Ja ba ya karɓar irin wannan ado, sai yin sa ya yi ta raguwa har aka bar shi, daga baya ma aka manta yadda ake haɗa ƙasarsa.

Tambaya: Malam, wani dillalin kayan tarihi ya nuna mini hoton jar butar gahawa, ya ce ta Böttger ce ta 1710, hujjarsa kuwa ita ce alamar takubba biyu masu gilma juna da ke gindinta. Farashin da ya faɗa bai yi tsada ba. Me za ka ba ni shawara? (Daga wata Hajiya mai tara kayan ado)

Amsa: Hajiya, hujjar da ya kawo ita ce ta fi sa ni shakka. Alamar takubba biyu, wadda aka ɗauko daga tambarin masarautar Saksoni, ba a fara sa ta a kayan Meissen ba sai wajen 1722, bayan rasuwar Böttger, kuma akasarin jan tangaran na shekarun farko ba shi da alamar masana'anta ko kaɗan. Sannan a farkon ƙarni na 20 masana'antar Meissen ta sake gano haɗin jar ƙasar, ta yi rajistar sunan Böttgersteinzeug a 1919, ta ci gaba da yin kaya da ita har yau, har ma an buga kuɗin wucin gadi na Saksoni da ita a farkon shekarun 1920. Waɗannan sababbin su ne suke ɗauke da takubba a danne a jiki, sau da yawa tare da sunan Böttger a rubuce. Kayan Meissen ne na gaskiya, suna da kyau, amma tsakaninsu da 1710 akwai fiye da shekara 200. Araha kuma ba ta ado, domin butar gahawa ta farkon zamani ba kasafai take fitowa kasuwa ba, idan ta fito a manyan gidajen gwanjo ake ganin ta, gidajen tarihi suna cikin masu taya ta.

Akwai wasu masu kama da ita da suke rikita mai saye. Kayan Plaue suna cikinsu, haka ma na Bayreuth, waɗanda jar ƙasa ce mai taushi da aka rufe da gilashi mai ruwan ƙasa aka yi wa zanen zinariya ko azurfa. Wajen rarrabewa ki dubi inda ba a goge ba, kamar cikin butar da ƙarƙashin gindi da gefen murfi. Na Böttger ƙwayarsa a matse take, mai santsi, kuma sheƙinsa ba shi da kauri, domin babu wani rufi da ya kwanta a kai ya taru a lunguna. Waɗanda suka fito daga taskar Augustus suna da lambar lissafi a gindi tare da harafin R, amma ki sani cewa 'yan damfara sun iya ƙara wannan lamba, saboda haka ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Kada ki yanke hukunci daga hoto. Ki nemi a rubuta miki tarihin hannuwan da butar ta bi, da sunan gwanjon da aka taɓa sayar da ita idan akwai, sannan ki sa masanin tangaran wanda ba shi da rabo a cinikin ya riƙe ta a hannunsa, ya kwatanta ta da waɗanda ke Dresden ko gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ko na Metropolitan a New York. Ki sa ya duba ƙarshen bakin da mariƙin, domin nan ne ake yawan samun gyara, ya kuma tabbatar cewa murfin nata ne, don sau da yawa akan aro murfin wata buta a ɗora, kuma launin jan yakan ɗan saɓa idan aka kai su gaban taga da rana.